Tabulet Ɗin Da Aka Zaɓa Wa Nusaiba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, masu cewa "Salma ki daina jan aji ki karɓi Rashid," da masu cewa irinsa ba ya zuwa wa bazawara kullum. Duk na karanta. Ban ba kowa amsa ba, don kafin in samu zama abin da zan faɗa muku yau ya faru.

Ga wadda ta shigo yanzu: a Dogon Dutsi nake, gidan mahaifiyata, Inna. Mijina Sadiƙu ya rasu Nusaiba na goye a bayana. Bafillace ne, danginsa na can rugarsu wajen Dogon Kiriya da shanunsu. Tun da na fita takaba na dawo gida da ɗiyata, ba su taɓa ta da maganarta ba. In kaka ta yi su aiko mata da gero da man shanu, in salla ta zo in tura hotonta a wayar ƙanin babanta. Iyakarmu ke nan. Amma duk wadda ta taɓa zawarci da ɗa a hannu ta san yadda abin yake: ɗa na dangin uba ne, ranar da suka buɗe baki suka ce a ba su, uwa ba ta da wata doguwar magana. Shi ya sa ko sallamar baƙo na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Sana'ata ƙanƙara da zoɓo. Firigona na nan cikin rumfa yana gurnani dare da rana, da shi nake ɗinka wa Nusaiba kaya, da shi na sa ta lakwal bana, wato makarantar boko.

Shi kuwa Rashid ma'aikaci ne, daga Yamai aka kawo shi wani ofishi a garin nan. Fari, dogo, shaddarsa kullum kamar yanzu aka karɓo ta daga wajen bugu, turarensa na riga shi shiga zaure. In ya zo gaida Inna har ƙasa yake durƙusawa, da sukari da ganyen shayi a leda. Inna kuwa ta gama ba shi ni a zuciyarta, jira kawai take in ce to.

Maganar tabulet daga lakwal ta taso. Madam ɗin su Nusaiba ta tare ni a bakin aji ta ce yarinya na da kai, amma in an zo Faransanci sai ta rufe baki ruf, ko an tambaye ta abin da ta sani sai ta hau murza bakin hijabi. Ta ce in ina da hali in nema mata abin da za ta riƙa jin haruffa da kalmomi a gida. Wayata dai ba zan ba ta ba. Na ga abin da yaran maƙwabta ke kallo a wayoyin iyayensu, yarinya ƙarama ta tsaya tsakar gida tana kwaikwayon rawar da ko ni ba zan iya kallo gaban Inna ba. Allah ya kiyaye mana.

Sai na zauna na yi tambaya wajen iyayen da suka saya. Na san abin da nake so: mai darasin haruffa da lissafi, mai gajerun surori da karatu mai kyau, wadda ba ta shiga intanet sai na buɗe da kaina, wadda zan iya sa wa lokaci ta kashe kanta. Da riga ta roba, don Nusaiba ko kofi ta riƙa sai ya kai ƙasa.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa Rashid a waya.

"Ina son saya wa Nusaiba tabulet ta karatu," na rubuta.

Ko minti ba a yi ba ya amso: "Ki bar min wannan, ma chérie. Ɗiyarki ɗiyata ce."

"Ni zan zaɓa fa."

"D'accord, Madame la directrice," da 'yan fuskokin dariya har uku.

Na nuna wa Inna ina cewa ni ban son ya saya, kada abin ya zama wani nauyi a kaina. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke wace irin ɗiya ce? Mutum shina son shi yi ma marainiya alheri, kina tsuke baki kamar an ba ki tsamiya."

"Inna, ba alherin nake ƙi ba."

"To mi kike ƙi? Tashi ki wanke atamfar nan taki mai ruwan goro, kada ki bi shi kasuwa kamar mai tallan ƙanƙara."

"Ai mai tallan ƙanƙarar ce."

Ta jefo min mara, na kauce muna dariya. Wallahi ranar da dariya muka rabu.

Ranar da za mu je, ana gobe a ba da hutun lakwal ne, sai dai Nusaiba ba ta da aji ranar. Na sa atamfar, na ɗora farin hijabi mai leshi a baki, na ɗan shafa kwalli. Na ɗauko takalman Nusaiba zan sa mata, don ni a ganina mai abu ita ya kamata ta riƙe ta ji ko hannunta zai ɗauka. Inna ta karɓe takalman.

"Bar ta nan. Kanta ya yi dauɗa, tsifa zan yi mata."

"Jiya fa na wanke mata."

"Na ce bar ta. Ku tahi ku biyu, ku samu ku yi magana kamar mutane."

Nusaiba ta biyo ni har zaure tana cewa, "Mama, mai ruwan hoda." Na ce mata to, in dai mai karatu ce.

Shagon na bakin kwalta, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Mai shi Luƙman, wani ɗan gajere mai surutu, yana ganin Rashid ya miƙe yana kiransa Mushe, wato Monsieur: "Mushe, barka da zuwa, ashe yau da Hajiya." Ya share min kujera da hannun rigarsa, ya jera tabulet uku a kan gilashi.

Ta farko mai ruwan hoda ce, da kunnuwan kyanwa a sama. Yana kunna ta wata ƙara ta cika shagon, wasu 'yan tsana masu gajerun siket suka hau karkaɗa jiki.

"Kashe," na ce.

"Hajiya, ita yara suka fi so."

"Yara sun fi son cin ƙasa ma. Ina darasin?"

Ya lalubo wani wuri da aka zana haruffa. Ana taɓa harafi ɗaya sai talla ta fito, wai a sayi wasan mota. Na tura masa abarsa gefe da yatsa ɗaya.

Ta biyu siririya ce baƙa, mai kyau. Haruffan Faransanci da murya a fili, lissafi da hotunan mangwaro da awaki, surori tun daga Nasi. Akwai wurin da uwa za ta sa lambar sirri da lokaci. Na tambayi batir, Luƙman ya ce in an yi mata caji da dare tana kai yamma, amma kullum sai ta ga soket. Na ce wannan ba komai ba ne, soket ɗin firigona na da baki biyu.

Duk wannan Rashid na tsaye yana danna waya, yana kaɗa makullin mota. Sai da ya ga na riƙe baƙar na ƙi ajewa ya matso.

"Salma, dubi wannan tukuna."

Ta ukun katuwa ce, kore, an naɗe ta da roba mai kauri kamar tayar amalanke. Luƙman ya ɗaga ta ya sake ta a kan siminti da gangan, ta yi tsalle, ba abin da ya same ta.

"Yashi ba ya shiga," in ji Rashid. "Ruwa ba ya shiga. Batir ɗinta sai ta kwana biyu ba ta nemi komai ba. Ba ruwanta da rezo, ko babu layin waya tana aiki. Kuma dubi nan." Ya zaro wani ɗan faranti mai naɗewa daga kwalin. "Pano ne, na caji da hasken rana. A shimfiɗa a rana kawai."

Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin sai da na ji wani sanyi a raina. Na ce ashe mutumin nan ya zauna ya yi tunanin ɗiyata, har ya san tana yar da abu. Na ce Salma, ko dai ke ce mai mugun zato? Na karɓe ta, nauyinta kamar dutsen niƙa, na danna maɓallin gefe.

Fuskata ce ta fito.

Hotona na ƙaramar salla, da lafaya mai ruwan toka, ina murmushi a gindin itacen bedin gidanmu. Mutum ɗaya na tura wa hoton nan a duniya, shi ma sai da ya yi ta roƙo. Na ji kunya ta kama ni gaban mai shago, na rufe fuskar da tafin hannu.

"Wannan fa?"

Rashid ya yi dariya, irin ta wanda bai shirya ba. "Surprise ce."

Na shiga ciki ina neman darussa. Zane-zane ne reras, babu iyaka, kuraye da zomaye da motoci masu magana. Sai waƙoƙin Fulatanci cike da wani wuri. Haruffa babu. Lissafi babu.

"Malam Luƙman, ina karatun?"

"Ai na cire, Hajiya, don a samu wuri. Mushe ne ya ce."

"Luƙman," in ji Rashid.

Amma bakin mutumin nan ya riga ya kama gudu, kuma shi a ganinsa yabon aikinsa yake. "Tun ranar da ya zo ya aje ta ya yi min bayani tsaf. Ya ce can inda yarinyar za ta babu wuta, babu rezo, lakwal ma da nisa, to darasi ba zai yi mata amfani ba. A cika ta da zane don kada ta yi ta kuka. Hoton ma dabararsa ce, wai in kewa ta kama ta sai ta danna ta ga mamanta. Na ce kai Mushe, ka iya riƙon yara."

Na dubi robar nan mai kauri, na dubi panon, na dubi fuskata tana murmushi a hannuna. Yashi ba ya shiga. Wane yashi ne a ɗakin Inna mai siminti da leda?

Na aje ta a hankali, don in na sake ta yadda raina ke so ko robar ba za ta cece ta ba. Na fita. Ya biyo ni har gindin motarsa.

"Salma, tsaya. Bari in yi miki bayani. Ba haka na so ki ji ba."

"Ina za ta?"

"Sois raisonnable."

"Yi min Hausa. Ina ɗiyata za ta?"

Ya waiga ya ga 'yan kabu-kabu sun zuba mana ido, ya rage murya. "Wajen danginta. Ba daji zan kai ta in yar ba, kakarta ce fa. Ke ma kin san ko ba daɗe za su karɓe ta. Gara a yi shi cikin mutunci, tun tana ƙarama ta saba."

"Ka ce ɗiyata ɗiyarka ce."

"Har gobe. Shi ya sa na zaɓa mata mafi tsada a shagon." Ya gyara hular kansa a gilashin mota. "Duba, sabon aure na son sarari. Ni ban taɓa aure ba, 'yan uwana za su zo daga Yamai, su tarar da amarya da yarinya tana bin ta ɗaki ɗaki? Za ta riƙa zuwa hutu. Kuma ke yarinya ce, Salma. Za ki haifi wasu."

Za ki haifi wasu. Kamar kaza ce ta ɓata min.

Turaren nan nasa da nake jin daɗinsa a zaure, a take ya koma min kamar warin kwata. Na ja hijabina na toshe hanci. Na tuna yadda yake ɗaga ta sama yana kiranta "ma princesse," yadda take ɓoye masa alawa a aljihu don ta ba shi in ya zo. Duk lokacin nan awonta yake yi, kamar mai duba kayan da za a fitar daga ɗaki kafin a shigo da gado.

"Inna ta sani?"

Ya hau juya makulli a yatsa.

Na koma cikin shagon. Luƙman na tsaye riƙe da kwalin, ya gane ya yi ɓarna amma bai san wace iri ba.

"Ka goge hotona yanzu, ina kallo." Ya goge. "Baƙar nan, ka aje min. Da kaina zan zo in ɗauka, kada ka karɓi ko sisin wani a kanta."

"Mai son soket ɗin, Hajiya?"

"Ita."

Na tare kabu-kabu. Rashid na kiran sunana, wayata na ta rawa a jaka. A kan hanya na duba, saƙo a kan saƙo: "Kada ki yi abin da za ki yi nadama." "Don zaman lafiyarmu na yi." "Ki tambayi Inna, ita babba ce." Na kashe wayar gaba ɗaya.

Tun daga zaure na ga takalman da ba na gidanmu ba, na roba, ƙurar hanya ta rufe su. Ga sanda jingine. Ga ƙwarya biyu an ɗaure da faifai, ƙamshin man shanu ya cika wurin.

Nene Hure ce, mahaifiyar Sadiƙu, zaune a kan tabarmar baƙi gindin bedi. Rabona da ita tun zaman makoki. Ta ƙara ramewa, zanenta baƙin saƙi, 'yan kunnen azurfa sun ja kunnuwanta ƙasa. Nusaiba na zaune tsakanin ƙafafunta, an tsefe mata kai, tsohuwar na shafa mata mai da yatsu a hankali. A bakin ƙofar ɗakinmu kuwa ga jaka, an ninke kayan ɗiyata a ciki har da rigar sallarta. Jakar lakwal ɗinta na nan rataye a ƙusa, ita ba wanda ya taɓa.

Inna na bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama.

"Mama, ina tabulet?" in ji Nusaiba. "Mama, wai ina da saniya tawa ta kaina, ja ce, ta haihu."

Na durƙusa na gaida Nene yadda ya kamata, na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida da dabbobi. Sai da na gama tsaf na juya.

"Inna, kayan wa ye a jaka?"

"Hutu za ta," ta ce wa murhu. "Hutu kawai. Ta ga dangi, ta saba."

"Ta saba da me?"

"Salma, kada ki yi min rashin kunya gaban baƙuwa. Kina so ki tsufa a ɗakina kina ƙulla ƙanƙara? Ni ma da na sake aure, wa ya bar min yayanki? Ban mutu ba."

Muryarta ta karye a ƙarshen, amma ni a lokacin ba ni da wurin tausayin kowa.

"To na fasa auren. Nene, a gabanki nake faɗa don ki zama shaida. Ba zan auri mutumin nan ba, ko shi kaɗai ya rage."

Inna ta saki mahuci ta dafe kai. Nene Hure ba ta daina shafa man ba. Ta yi magana da Hausarta mai sanyi, tana jan kowace kalma.

"Ɗiyata, mu ba mu nemi kowa ba. Tun farko na ce ma yaran gida, a bar marainiya ga uwatta, nan ta hi samun barci. Wani mai mota ya zo har ruga. Ya zamna bisa tabarmata, ya sha nono. Ya ce uwar yarinya za ta aure, tana son mu zo mu ɗauki abinmu, kunya ce ta hana ta hwaɗi da bakinta. Har kuɗin mota ya bari."

Na ji kamar an watsa min ruwan wanke-wanke a fuska. Da sunana ya je. Da bakina ya yi magana.

"Nene, wallahi ban aiki kowa ba."

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da suke yi wa sararin sama in suna neman hadari.

"Na ji. Na yarda. Hannun da ya ninke kayan ga ba naki ba ne, tun da na shigo na gani."

Na saki numfashi. Har na miƙa hannu zan jawo jakar in zazzage ta, sai ta ci gaba.

"Amma kin gani, da an bar ni inda nike. A hoto 'yar mitsitsiya ce, in duba in mai da ma yaro wayarshi. Yau da na yi sallama, ita ta leƙo. Ta tsaya bakin ƙofa ta karkata kai haka, tana kallona." Tsohuwar ta karkata nata kan gefe guda. "Mutum guda na sani mai wannan tsayuwa. Ni na goye shi."

Ba ta faɗi sunan Sadiƙu ba, kunyar Fulani ce, ba ta taɓa faɗa ba ko yana da rai. Ta sa bakin zane ta share hannunta, yatsa bayan yatsa.

"Motar Dogon Kiriya sai bayan la'asar. Kawo min ruwa in yi alwala. In na sallame sai mu yi magana a kan yarinyar ga, ni da ke, ban da uwarki."

Na tashi na ɗauki buta.

"Nusaiba, zo ki taya ni ɗibar ruwa."

Ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar. Sai a lokacin na lura da hannunta, ta damƙe bakin baƙin zanen nan tun ɗazu.

"Mama, ki je," ta ce. "Nene ba ta gama ba ni labarin saniyata ba."